Dakta Sahabi da jiragensa marasa jagora

Da safen nan labari ya same ni: Dakta Sahabi ya rasu a gidansa na Tambuwal. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.



Ga wanda bai san shi ba, malamina ne a jami'a, a sashen injiniya. Mutumin Kebbe ne, cikin waɗanda jiha ta tura karatu waje zamanin da kuɗin mai ke ambaliya. Abokan tafiyarsa suka dawo suka kama kujeru. Shi kuwa ya ƙare rayuwarsa kan ƙananan jirage marasa matuƙi, yana neman yadda za su tashi a jere su kori tsuntsayen jan-baki daga gonakin gero, a dajin da ko sabis ɗin waya babu.

An sha yi masa dariya. Wai tsoho da kayan wasa.

Ranar da na fara binsa gwaji a gonakin Jabo, a bayan babur ɗinsa ya goya ni, furarsa ma rabawa muka yi. Na ce masa na kasa gane yadda jiragen za su jeru alhali saƙo ba ya isa ga kowa. Da muka sallame jam'in azahar, sai ya nuna mini sahu.

"Wa ad daidaita sahun ga?" ya ce. "Liman bai ganin na ƙarshe. Kowa kafaɗar na kusa da shi yaka duba, sahu kau shi miƙe."

Lissafinsa ke nan kaf: kowane jirgi ya saurari na damansa da na hagunsa, ya isa.

Makon jiya na same shi kwance, muryarsa ta yi ƙasa. Na ce ko mu naɗa jirgi ɗaya jagora, aikin ya yi sauƙi. Ya harare ni.

"In kunka yi musu jagora, ran da yaf faɗi duk sun watse. Bar su hakanan."

To yau, tun ba a yi masa sutura ba, wani babba a sashenmu ya kira ni yana neman makullin ɗakin gwaji. Wai za a mai da shi sito, tunda aiki ya bi mai shi. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kashe wayar.

Ranka ya daɗe, ga amsarka a bainar jama'a. Makulli yana aljihuna kuma ba zan bayar ba. Geron Jabo ya fara ido, tsuntsu ya fara sauka, manoma kuma mun yi musu alkawari. Ranar Asabar mu ɗalibansa za mu tashi jiragen. Mai son makulli ya zo bakin gona ya karɓa a gaban masu geron.

Allah Ya jiƙan Dakta, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a, mu ma a roƙa mana nasara ranar Asabar.