Hanyar Yagwa a Tsakar Kaina

A Garwa ba a hura wuta don jin ɗumi. Garin da kansa murhu ne, mu ne abin da ke cikin tukunyar. Wutar da Iya, mahaifiyar babanmu, take hurawa bayan magariba aiki biyu gare ta: suyar gyaɗa, da korar sauron da ke taso mana daga kogin Binuwai kamar an kai musu goron gayyata. Mu jikoki muna kewaye kaskon, kowa da hannu a shirye, ita kuma tana juya gyaɗa cikin yashi da ɓarin ƙwarya, tana juya mu da tatsuniya. Wanda ya kai hannu kafin ta ce "ƙurunƙus", da ƙwaryar ake ba shi amsa.

Ni take kira maigidanta, irin wasan kaka da jika. "Maigida, yau ma ba cefane?" Kullum da haka take tarbata, ni kuma in ce ai na sake ta tun jiya, takardar ce ba ta iso ba.

Shekarun nan ne da aka zaftare albashi, aka yi ta sallamar ma'aikata. Cikin waɗanda aka sallama har da autan Iya, Baffa Ɗanjuma, mutumin da ya fi kowa boko a gidanmu. Ya dawo gida da rigunansa masu guga, ya yi zaman makoki na ɗan lokaci, sannan ya tafi Kuseri ya dawo da injin aski na lantarki, wanda a Garwa muke kira tondos. Ya kafa rumfa a bakin layinmu, ya sa aka zana masa allo mai kawunan samari, kowane kai da sunansa. Akwai Tebur, wanda samansa a shimfiɗe yake har kana iya ɗora kofin shayi. Akwai Dutsen Mindif, mai tsini a gaba. Akwai Gangare, wanda gashin ke farawa da ɗan kauri a sama ya yi ta sirancewa har ya ɓace a ƙeya ba ka ga inda ya ƙare ba.

Babanmu bai so ba. Mu gidan fatake ne, kakanninmu da goro da tufafi suka iso garin nan, kuma a saninsa aski na wanzamai ne, gado ne, ba a shigarsa da satifiket. Su kuwa mutanen unguwa suna wucewa suna yaba allon, sannan su kai 'ya'yansu a yi musu ƙwal da aska kamar yadda aka yi wa iyayensu. Rumfar Baffa ba ta da abokan ciniki sai ƙudaje. Saboda haka ya kama ni, ya yi mini Gangare, ya ce, "Kai ne allona mai tafiya. Ka riƙa juya ƙeya in ka ga mutane."

Dokar makarantarmu ta ce gashin yaro ya zama gajere. Mai tsaron dokar shi ne surbeyan, malamin horo, wani dogo da ba na son kiran sunansa, don ya riga mu gidan gaskiya kuma 'ya'yansa mutanen kirki ne. Ma'auninsa fensir ne: ya soka a gashinka, in ya tsaya, ka yi laifi. Hukuncin kuma tsohuwar tondos ce ta hannu, mai tsatsa, wadda ba ta san bambancin yanka da tsiga ba. Da ita yake buɗe maka titi daga goshi zuwa ƙeya, ka yini da shi ana dariya, ka koma gida a aske sauran, ka dawo ranar Litinin da ƙwalƙwal ɗin kai ka durƙusa a gindin tuta.

Ran wata Juma'a ya soka fensir a kaina. Fensir ya faɗi. Ya ɗauka ya sake sokawa, ya sake faɗuwa. Na ɗauka na tsira. Sai ya zagaya ta bayana ya tsaya yana kallon ƙeyata, ya ce, "Wa ya ce ka zo mana da salo?"

Na ce, "Musiye," don haka muke kiran malamai da Faransanci, "ai gajere ne."

Ya ce, "Ban tambaye ka tsawonsa ba."

Daga baya na gane gaskiya ya faɗa. Tsawon gashin bai taɓa damunsa ba. Abin da ya dame shi shi ne wani ya zaɓi yadda kansa zai kasance ba tare da ya nemi izini ba. Ya danne ni, ya yi mini titi mai lanƙwasa da ramuka, wani wuri har da jini. Abokina Hamadu, ɗan Fulani mai bakin tsiya, ya leƙa ya ce, "Kayya, wannan ai hanyar Yagwa ce da damina." Kowa ya san ramukan hanyar zuwa garin Yagwa, sai aji ya ɗauki sunan. Surbeyan ya ce ranar Litinin in zo a aske, ko kuwa kada in zo gaba ɗaya.

Da yamma babanmu ya dubi kaina, ya dubi ƙaninsa, ya ce, "Ka ga abin da bokonka ya jawo." Ya aika a gaya wa wanzami ya zo da safe. Baffa ya tashi ya fita. Ya je ya sauke allonsa ya jingina shi fuska a bango.

Da aka hura wuta na zauna can nesa da hula har kunne, cikin zafin nan.

"Maigida," in ji Iya, "yau sarauta aka ba ka ne? Cire mu gani."

Na cire. Ta jawo kaina kusa da hasken wuta, ta bi titin da yatsa tun daga goshi, ta yi tsaki. "Ko layi bai iya ja ba, kuma wai shi ke koyar da yara." Sannan ta zuba gyaɗa a kasko ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku, har da masu titi a ka."

Muka ce ta zo mu ji ta. Ni dai a ciki na ce.

Wai Zaki ne ya kafa doka, duk dabbar da za ta gifta ta gindin tsamiyarsa, da ciki za ta ja. Kowa ya bi, har Giwa, da ƙyar da nishi. Kurege kuwa kun san halinsa, ba ya tafiya mai nisa bai miƙe a ƙafa biyu ya duba hanya ba. Ya zo daidai tsamiya ya miƙe. Zaki ya cafke shi, ya juya shi ya ga ko loma bai kai ba. Sai ya ce, cin ka ɓata baki ne, amma zan yi maka abin da duk dawa za ta san kai ne marar kunya. Ya sa farce ya tsaga shi daga kafaɗa zuwa gindin wutsiya. Ya ce ranar kasuwa ka zo da jan ciki ka roƙi gafara a gaban jama'a.

Kurege ya koma rami yana kuka. Uwarsa ta kwaɓa laka za ta shafe tabon. Sai kakarsa ta ce a dakata. (A tatsuniyoyin Iya kullum akwai wata kaka da ta fi kowa hankali. Ba mu taɓa samun ƙarfin halin tambayar dalili ba.) Kakar ta ce, laka ta mece ce? Ku kawo toka. Ta cika tsagar da farar toka har ta fito fes. Ta ja da baya ta duba, ta ce gefe ɗaya bai yi kyau ba, ta sa ƙaya ta yi masa a ɗaya gefen.

Ranar kasuwa Kurege ya hau kan suri ya miƙe, yana juyawa dama da hagu. Samarin kurege suka taru. "Kai, wa ya yi maka wannan?" Ya ce, "Aikin Sarki ne, da hannunsa. Ba kowa ake yi wa ba." Kafin la'asar ƙaya ta yi tsada a dawa. Da Zaki ya iso da baƙinsa zai nuna musu marar kunyar da ya hora, sai ya tarar da kowane suri da kurege a tsaye, kowanne da farin zane, suna kallonsa.

"Shi ya sa har yau ba kuregen da ba shi da zane," in ji Iya. "Ƙurunƙus, kan wanda ba a gama aske shi ba."

Yara suka kai hannu kasko. Ni ban kai ba. Na ce, "Iya, to Zakin ya daina cin kurege?"

"Wa ya gaya maka? Har gobe in ya kama ci yake yi." Ta watsa gyaɗa a baki. "Zanen ne ya daina."

Baffa yana zaune a kan turmi a bayanmu, ban san ya zo ba. Na ji ya yi wata 'yar dariya ta hanci, irin wadda ban ji daga gare shi ba tun da aka sallame shi.

Da safe wanzami ya zo da zabirarsa, ya tarar da kaina a kan cinyar Iya. Babanmu ɗan fari ne, Iya ba ta kiran sunansa, ba ta ma cika yi masa magana kai tsaye ba. Sai ta bi ta kan wanzami.

"Sarkin aska, gaya wa wanda ya kira ka, wannan kan na mijina ne, kuma ban ba da shi ba."

Babanmu ya ce, "Iya, korarsa fa za su yi."

"Sarkin aska, tambaye shi, da wane laifi? Yaro ya je da gajeren gashi, sun ƙara gajarta shi. In akwai wanda ya ɓata kai a nan, ba a gidan nan yake kwana ba."

"Iya, waɗannan mutanen ba a ja da su."

"Sarkin aska, ce masa ban ce a ja ba. Cewa na yi kada a goge."

Wanzami ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ga ba shi da wurin tsayawa. Don kada ya zo a banza, babanmu ya cire hula ya zauna aka aske shi. Ni kuma Baffa ya kai ni rumfa, ya kunna tondos, ya daidaita gefen titin, ya cike ramukan da dabara, ya bar lanƙwasar yadda take. Da ya gama ya mai da allonsa inda yake.

Ranar Litinin na tafi makaranta ban gama yarda da tatsuniyar ba. Bayan an ɗaga tuta surbeyan ya hango ni.

"Ban ce ka aske ba?"

"Musiye, aikinka ne. Kakata ta ce rashin ladabi ne a goge aikin malami."

Wani a layin baya ya kasa riƙe dariya. Na sha bulala, mai kyau kuwa, har yau in na tuna sai in gyara zama. Sannan ya nuna mini ƙofa ya ce kada in dawo sai da kai kamar ƙwai. Na koma gida na ce wa Iya ga abin da kuregenta ya jawo mini. Ta ce, "Ai na gaya maka yana ci." Babanmu ya daina yi mini magana. Na zauna a rumfar Baffa, ga jarrabawar fita firamare tana matsowa, ina kallon yara suna wucewa da jakunkuna, ina lissafin irin ɗan kasuwar da zan zama.

Hamadu ne ya fara zuwa. Ya zauna a kujera ya ce, "Baffa, a yi mini Hanyar Yagwa. Amma tawa a sa mata kwalta." Washegari ya zo da wasu. Ba zan yi musu ƙaryar jarumtaka ba: yawancinsu ba don ni suka yi ba, askin ne ya burge su. Samarin kurege ma ba don adalci suka nemi ƙaya ba. Kafin mako ya zagayo, Baffa yana aski har tondos ta yi zafi sai ya kashe ta huce.

Litinin ta gaba na sa kayan makaranta na shiga cikinsu. Surbeyan ya fito da tondos ɗinsa, ya tsaya. Me za ka yi wa yaron da ya zo da hukuncinsa daga gida? Darakta, shugaban makarantar, ya fito daga ofis, wani tsoho mai son zaman lafiya da ba a biya shi albashi ba wata da watanni, ya bi layin ajinmu yana kallon kawuna ta saman tabarau. Ya ce, "Wa ya fara kawo wannan askin makarantar nan?"

Aji guda kawai muka juya muka dubi surbeyan.

Darakta ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ce, "Ku shiga aji." Na shiga tare da su, kuma ba wanda ya kira sunana.

Surbeyan bai zama mutumin kirki ba. Bulalarsa ta ci gaba da aiki har ya yi ritaya, ni ma na ƙara sha ba sau ɗaya ba. Amma tondos ɗin nan mai tsatsa ba ta sake fitowa daga aljihun tebur ba.

Yau ni ma malami ne a Garwa. Hoton shugaban ƙasa da ke rataye a bangon ajinmu na wancan lokaci shi ne a bangon ajin da nake koyarwa, gashin mai hoton ko furfura bai yi ba, ni kuwa nawa ya zube, titin ya cinye gari. Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar Iya a matsayin labarin nasara. Sai da na girma, na ga zakoki iri iri a ofisoshi da shingayen hanya, na gane ba ta taɓa yi mini alkawarin nasara ba. Mai ƙarfi yana iya dukanka, yana iya korarka, wannan a hannunsa yake. Amma kunya ba ya iya ɗora maka ita sai ka sunkuyar masa da kai ya ɗora. Iya ba ta iya karatu ba, amma wannan ta san shi tun kafin in san baƙi.

Kwanan baya na kai ƙaramin ɗana rumfar, wadda yanzu shago ce mai madubai, ɗan Baffa ke riƙe da ita. Yaron ya nuna hoto a waya, gajeren aski da siririn layi a gefe. Mai aski ya dube ni ya ce, "Malam, a yi layin? Makarantarsu fa suna magana."

Na ce, "Yi masa. Ka tabbata ya fito sosai."