Hannun da Ya Fasa Goshi

Wannan makon aka sake komawa farkon Attaura a makarantar ƙananan yaran Yahudawa da nake aiki a Brooklyn, sai na tuna da tsohuwar malamar da na fara yi wa mataimakiya. Kowane mako da kason da ake koya wa yara, ita kuwa ba ta tsallake wurin jini wai don ƙanana ne.

Ranar da ta ba su labarin wan da ya kashe ƙanensa a gona, ajin ya cika da ƙamshin burodin da muke gasawa duk Juma'a. Ba a jima ba wani yaro ya ɗauki katakon wasa ya rotsa goshin abokinsa. Jini ya wanke fuskar, har ya ɗiga cikin kwaɓin fulawa. Ni da aka sare yayana a gabana a ƙofar gidanmu a Najeriya, sai na yi kansu a guje. Na fizgo mai laifin, na daka wa malamar tsawa: "Mama, ga abin da labarinki ya jawo!"

Ta ƙwace yaron daga hannuna, ta danƙa masa tsumma mai tsabta, ta danne hannunsa a kan raunin, yana ihu yana fizge-fizge.

"'Yata," ta ce, "na cikin labarin juya baya ya yi, ya bar ɗan'uwansa a kwance. Wannan ba inda zai je sai jinin ya tsaya."

Allah ya ba ta hutawa. Waɗanda suka sare yayana kuwa, Allah ya haɗa 'ya'yansu da malama irinta.