Sandar da Zan Girma da Ita

Wata Asabar ce a farkon watan Maris na 2020, ina 'yar shekara goma sha biyu, na tsaya a wani ɗan kanti da ke gefen filin ƙanƙara cikin wani katafaren rukunin shaguna na Kuala Lumpur, sanyi na kutsowa ta ƙarƙashin ƙofa yana lasar min ƙafa. Sandunan hoki ne jere a bango, ni kuwa sai haɗiyar yawu nake yi. Koci Lim, dattijon da ke koya mana wasan, ya ce a ƙarshen watan zai zaɓi 'yan matan da za su shiga ƙungiyarsa, kuma duk mai so ta zo da sandarta, ta daina yawo da ta aro. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar shiga ƙungiyar nan ba. Shi ya sa na janyo Abba, mahaifina, tun daga unguwarmu ta Bukit Jalil, ina jan hannunsa a tashar jirgi kamar za a rufe Aljanna a bar mu a waje.

Koci ya yi wa Abba bayani a tsanake. Ya ce abu biyu ake dubawa: lanƙwasar bakin sanda da kuma zamanta. Mai koyo 'yar lanƙwasa kaɗan a tsakiya ta ishe shi, don ya iya tarar faifan robar da ake bugawa ta ciki da ta baya. Zama kuwa shi ne in yarinya ta riƙe sanda ta ɗan durƙusa, bakin ya kwanta shimfiɗe a kan ƙanƙara daga dunduniya har tsini, kuma hakan ba ya samuwa sai tsawon ya tsaya a haɓarta. Abba ya so ya ɗauki wata mai baki kamar lauje, wai ta fi kama da kayan aiki, da ƙyar aka raba shi da ita. Amma da aka zo kan tsawo, ya yi ta gyaɗa kai yana cewa "boleh, boleh," wato "to, ya yi" da yaren Malay, sannan ya miƙa hannu ya zaro wata ta katako da ta wuce kaina. Koci ya ce to a rage ta, ga zarto nan a kanti. Abba ya dube shi kamar ya ce a yanka rago a zubar da naman.

"Yaro ba ya zama wuri guda," in ji shi da Hausa, ni yake kallo. "Za ki girma da ita."

Wannan magana ita ta raine ni. Duk rigar da Umma ta saya min a shagunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman sai an naɗe hannunta, duk takalmin makaranta sai an cusa masa auduga, in abu ya zo ya yi min daidai kuma ya riga ya tsufa. Raina ya ɓaci, na zumɓura baki har gida. Amma a ƙasan fushin akwai wani daɗi da na ɓoye. Abba yana gab da kammala digirinsa na uku, yana neman aikin koyarwa don mu zauna, ni kuma nan na yi wayo, garinmu Malumfashi a hoto kawai na fi saninta. Na ce a raina, tunda ya sayi sandar da sai na yi shekaru kafin in kamo ta, ai ya san muna nan ke nan.

Ba a yi sati biyu ba aka rufe gari saboda annobar korona. Aka rufe makaranta da masallaci da filin ƙanƙara, zaɓen Koci ya koma sai abin da hali ya yi. Duniyarmu ta dawo falo ɗaya da baranda a can sama. Daga barandar nake kallon jirgin ƙasa yana wucewa fayau ba kowa ciki, da fitilun babban filin wasa a kashe, da hadarin la'asar yana tahowa ta wajen Sri Petaling yana shafe gidaje ɗaya bayan ɗaya. Kwanakin suka narke cikin juna, ba a gane Talata da Asabar. In na gama darasi a kwamfuta, na wanke kwanuka, na kwashe shanya kafin ruwa ya sauko, sai in sa safar Abba in ture kujeru, tayil ya zama ƙanƙara, murfin gwangwanin madara ya zama faifai, ƙafafun teburin cin abinci su zama raga. Nakan lumshe ido in ji sanyin nan a fuskata, in ji ƙarar takalma na yankar ƙanƙara, har sai Umma ta leƙo daga kicin ta ce in na fasa mata talabijin, ni da sandar za ta haɗa ta wurga ta taga.

Sai dai sandar ta ƙi ni. Da na durƙusa, dunduniyarta kaɗai ke taɓa ƙasa, tsinin ya ɗaga sama kamar hancin mai girman kai, murfin ya sulale ta ƙarƙashi ya tafi abinsa. Na yi ƙorafi, na yi kuka, na ƙi cin abincin da aka ƙunso mana daga mamak, gidan abincin Indiyawa Musulmi, duk a banza. Abba ya ce laifin rawa ne ba na ganga ba.

Cikin azumi ne na lura ya rage magana. Yakan daɗe a baranda da waya a hannu, in ya shigo su yi ƙus-ƙus da Umma. Wata yamma, ana jiran shan ruwa, ƙanshin ƙosai ya cika gida, ya ɗauki sandar ya juya ta yana duba salatif ɗin da na naɗa wa bakinta. Wajen dunduniya ya cinye har katako ya fito, wajen tsini kuwa sabo fil. Ya sa na riƙe na durƙusa, ya kwanta rub da ciki a tayil yana leƙen ƙasanta, babban mutum da furfura a gemu. Ya ce haka fartanya take, in ƙota ta fi ƙarfin mai noma, gefe ɗaya na ruwan ne ke ci, kuma shi ma yana yaro da ta yayansa aka haɗa shi, bayansa bai manta ba. Washegari ya aro zarto wajen maƙwabcinmu, ya sa na hau kan littattafansa biyu a madadin takalmin ƙanƙara, ya auna haɓata ya yi alama da biro.

Da zarton ya kama katako sai gabana ya faɗi. Na ce ba ya ce zan girma da ita ba? Bai ɗago ba.

"Yi wasanki yanzu, Hafsa," ya ce.

Ba wanda ya faɗa min aikin bai samu ba, a garin katakon da ke zuba a tayil na gani. Na riƙe sandar, bakinta ya kwanta lif, murfin ya manne mata kamar an ɗinke su, ni kuwa hawaye ya hana ni ganin ragar.

Sau ɗaya na hau ƙanƙara da ita, lokacin da aka ɗan sassauta, kowa da takunkumi a fuska, akwatunanmu a ɗaure a gida. Filin kusan ba kowa. Na ja faifan daga wannan bango zuwa wancan bai kuɓuce min ba, na ɗaga shi ya faɗa raga. Koci ya ƙwanƙwasa sandarsa a ƙanƙara ya ce in an buɗe sosai akwai gurbina. Na ce masa na gode, ban iya faɗa masa sauran ba.

Yanzu ina jami'a a Zariya, sandar na jingine a bayan ƙofar ɗakina a gida, ko ƙirjina ba ta kai ba. Ƙanƙarar da na sani a nan ita ce ta cikin zoɓo. In na je hutu Abba kan ɗauke ta ya gwada a jikina, ya yi dariya ya ce da bai yanke ba, da yau ta yi min cif. Gaskiyarsa ne, da ta yi. Nakan karɓa in shafa bakin, inda salatif ya cinye daidai wa daida daga dunduniya har tsini, in tuna mutumin da bai taɓa saya min abu daidai da ni ba sai ranar da ya san gobe ba tamu ba ce a can. Ita kaɗai ce ta yi min daidai tun tana da sauran amfani.