Kunnen Hajiya Asma'u da Wayar Ɓatattun Alhazai

A unguwar Nakkasa ta Makka aka haifi Hajiya Asma'u Mailafiya, a gidan da kakanta ya gina bayan ya zo aikin hajji daga ƙasar Kano bai koma ba. Da rusau ya cinye unguwarsu, sai ta koma Jarwal, inda wani kamfanin masaukin alhazai ya ɗauke ta aiki. Aikin kuwa shi ne riƙon waya: duk alhajin da ya ɓace cikin cunkoson Harami, ita yake kira, ta tambaye shi abin da idonsa ke gani, ta yi masa kwatance har ya iso masauki. Shekaru masu yawa ta yi a kan kujerar nan.

A wata Umarar azumi ne wata tsohuwa ta kira ta tana kuka. Asma'u tana jin muryar, tana jin hayaniyar jama'a, amma kalmomin sun ƙi rabuwa da hayaniyar. Tsohuwar ta wuni a rana kafin a tsince ta, aka wuce da ita asibiti. Kamfani ya tura Asma'u gwajin ji, inda ake sa mutum ya maimaita jimloli alhali ana ƙara surutu a bayansu. Ta faɗi. Ta dawo tana cewa laifin Larabcin littafi ne da aka yi gwajin da shi, don ita Hausa take saurara a waya. Kamfani ya karɓi uzurin, ya bar ta a kan kujerarta.

Saboda haka ta yi murna da ta ji labarin Likita Abdulquddus, wani Basakkwace masanin ji, wanda ke shirya irin wannan gwaji da Hausa. Ya bayyana mata cewa fassara kaɗai ba ta isa: dole a zaɓi jimlolin da Bakano da Basakkwace da haifaffen Makka duk za su gane, a daidaita wuyarsu, sannan a fara gwada su a kan masu lafiyar kunne. Ita ta bi gidajen tsofaffin maƙwabta tana tara masa mutane. Daga ƙarshe ta ce a sa ta cikin masu lafiyar.

"Inna, ki bari tukuna," in ji likitan.

"Kai dai kunna, ɗan nan. Tun ba a yaye ka ba nake jin Hausa."

Ya kunna. Jimlolin farko ta maimaita su tana murmushi. Da surutun ya ɗan ƙaru, sai ta soma cewa a sake. Maƙwabtanta, har da waɗanda suka girme ta, sun wuce wannan mataki ba da wahala ba. Ta cire abin sauraren ta ɗora a cinya.

"Faɗa mini gaskiya."

"Kunnen ne, Inna. Na'ura za ta taimake ki a cikin ɗaki. Amma kira daga tsakiyar Harami, ba zan yi miki alkawari ba."

Hajji ya ƙarato, kuma kamfani bai san da wannan gwaji na biyu ba. Da ta yi shiru, ba mai sani. Ta yi kwanaki tana juya zancen. Ranar da jirgin farko ya sauka, ta je wurin manaja da kanta ta gaya masa. Ya ba da kujerar ga Rakan, magidanci haifaffen unguwar Tandabawi, mai kunne garau da Hausar da ba ta wuce gaisuwa da ciniki ba. Ita kuma aka mai da ta ɗakin raba makullai.

Kafin ta fita daga ɗakin wayar, sai wayar ta yi ƙara. Rakan ya ɗauka, ya saurara, fuskarsa ta sauya. Ya miƙo mata, ya kira ta inna da Larabci: "Ya Hala, wallahi ban gane ba, wata dattijuwa ce." Asma'u ta kara wayar a kunne, ta toshe ɗayan da yatsa, ta runtse ido. Muryar tana nan, tana kiran sunanta. Sauran maganar kuwa ba ta iso ba.