Cocin Garin Injiniya

Ina aikin birkila a Riyadh aka kawo mana wani injiniya Bajamushe. Kalmar Larabci ɗaya ya iya, "yalla", wato a yi sauri, kuma da ita yake yini a kanmu.

A ofishinsa akwai hoton wani ƙaton coci mai hasumiya biyu. Wata rana ya ga ina kallonsa, sai baki ya buɗe. Ya ce na garinsu ne, Kolon, kuma an haura shekara ɗari shida kafin a gama shi. Har ƙugiyar ɗaga duwatsu aka bari a samansa, kakanni suka mutu, jikoki suka tarar da ita. Na adana wannan a raina.

Ba a yi wata ba ya same ni a gindin katangar da ya kamata in gama tun shekaranjiya, yana nuna agogo, fuska jawur. Na ajiye cokalin gini, na ce da guntun Turancina, "Ranka ya daɗe, naku shekara ɗari shida ya ci, har ka rataye hotonsa. Nawa kwana biyu kacal ya ƙara."

Tun daga ranar, in ya hango ni, can wajen kafintoci yake kai yallarsa.