Dabinon Baba a Lambun Inna

Da ruwan dam ɗin Tiga ya cinye garinsu Inna, filin da aka yanka musu a gefen Bebeji bai taka kara ya karya ba. Duk da haka ta ware kusurwa ɗaya a tsakar gida ta yi lambunta. Na taso na tarar da zogale da yakuwa da rama da barkono a wurin, ga kabewa tana hawa danga. Ba mu taɓa aike gidan kowa neman ganyen miya ba, kuma Inna tana ji da wannan ƙwarai.

Ina 'yar firamare Baba ya je aikin Hajji. Ya dawo da dabinon Madina, aka raba wa 'yan barka da zuwa, amma ya hana a yar da ƙwallayen. Burinsa shi ne wata rana ya buɗe baki da dabinon gidansa. Ya zaga gida, bai ga inda ƙasa ta yi masa ba sai lambun Inna, don nan ne ya sha taki shekara da shekaru.

"Malam, a kai bayan gida mana," in ji Inna.

"Irin Madina ne za a kai bayan gida?"

Maganar ke nan. Washegari ya tuge zogalen da hannunsa.

Ƙwallayen suka tsiro da yawa, ya zaɓi wanda ya fi ƙiba ya cire sauran. Ni da yayana muka zama bayin dabino, kullum jarka a ka daga magudanar dam. Yana girma yana cin wuri, ƙayarsa ta hana mu wucewa, saiwarsa ta shanye abin da ya rage. Inna ta fara aike na maƙwabta roƙon yakuwa. Na tsani wannan aiken, har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Sai da na gama sakandare ya yi fure. Baba ya yi sadaka don murna. Furen ya zubar da wani farin gari ya bushe, ko ɗa ɗaya babu, shekarar da ta biyo ma haka. Wani baƙo daga wajen Dutse, da ya zo sayen kifi, ya ɗaga kai ya ce ai wannan namiji ne, ba zai taɓa haihuwa ba, sai an kawo masa mace ita ta yi 'ya'yan.

Na ɗauka shi ke nan Inna ta samu wurinta. Na ga ta fara tara irin rama a tsumma. Amma Baba ya ce ba a sa wa itacen Madina gatari. Ya sa baƙon ya kawo masa 'yar macen, ya dasa ta a ɗan gefen da barkonon Inna ya saura. Ranar Inna ta ba kaji irin ramar.

Baba ya rasu macen ba ta fara haihuwa ba. Allah ya jiƙansa, ubana ne kuma ina son sa, amma wannan abu ban yafe ba tukuna. Bayan rasuwarsa ta yi 'ya'ya dam. Sai dai a wajenmu nunar tana haɗuwa da ruwan sama, su ruɓe a sama su zubo, ƙuda ya cika gida. Inna ce mai sharewa.

Bana da na je gida na tarar da ita da tsintsiya, na ce gobe zan kawo mai sara. Yayana ya ce sai dai bayan ransa, dabinon Baba ne. Muka yi ta sa-in-sa har murya ta fara tashi. Inna ta jingine tsintsiyar ta zauna a kan turmi.

"Ku bar shi haka," ta ce. "Ko kun sare, gwiwata ba ta durƙuso yanzu."