Wanda Ya Nema wa Ɗa da Ƙa Mazauni

Shekara huɗu ke nan da rasuwar maigidana, Malam Bashiru, mutumin Birnin Tudu ta ƙasar Bakura. A kaka ya tafi, gero ya fara shiga rumbu, shinkafa ta sunkuyar da kai a fadamun Bakalori. Tun daga nan, duk shekara idan iska ta juyo da ƙamshin sabon kara, nakan tsinci kaina ina saurare, kamar yanzun nan zan ji ƙarar babur ɗinsa ta mutu a ƙofar gida, ya yi sallama da muryar nan tasa ta wanda bai taɓa gaggawa ba.

Ni malamar Hausa ce a wata firamare a Talata Mafara, ba masaniyar kwamfuta ba. Abin da na sani, a bakinsa na tsinta. Shi yana koyar da kwamfuta, amma zuciyarsa tana wajen abin da ake kira rumbun bayanai, wato manhajar da ake zuba wa sunaye da lissafi ta adana, ta fito da duk wanda aka nema. Wasu rumbunan na kamfani ne, a kulle suke, ba ka ganin cikinsu. Wasu kuwa a buɗe suke. Mutane daga ƙasashe daban-daban ne suka haɗu suka gina, kowa yana iya ɗauka, ya leƙa ciki, ya gyara, ya mayar wa jama'a. Malam yakan ce gayya ce irin ta gona, sai dai masu gayyar ba su taɓa ganin fuskar juna ba, kuma ba a dama musu fura.

Wani tsoho ne ya tura shi cikin wannan gayya. Wata ƙungiyar manoman rani a Bakura ta roƙe shi ya tsara musu yadda za a riƙa ba kowa ruwa bi da bi, don a daina faɗa a bakin magudana. Ya tsara da ɗaya daga cikin rumbunan nan na buɗe, aka yarda a bi haruffan suna. Ba a daɗe ba sai ga Baba Ƙasimu, abokin mahaifinsa, har gidanmu. Bayan doguwar gaisuwa ya kurɓi ruwa, ya dubi Malam.

"Ɗana, mi niy yi ma na'urar ga taka? Kullum sai kowa ya sha, rana ta yi tsaka, kana a ce Ƙasimu. Ko Zubairu da anka haihwa gaban idona shina gabana. Albasata ta kusa mutuwa."

Malam ya duba. Ashe na'urar ba ta san Ƙa ƙanwar Ka ce ba, ba ta san Ɗa tana bin Da ba. Duk harafi mai ƙugiya sai ta jefa shi can bayan Za, kamar baƙon da ba a san inda za a zaunar da shi ba. Ɗahiru da Ɗanladi da Ƙasimu duk suna can ƙarshen layi suna jiran ruwa. Ranar ya kasa cin tuwon kirki. Ya rubuta wa jama'ar rumbun nan yana tambaya, ba tare da sa ran amsa ba.

Amsa ta zo daga wata dattijuwa a wata ƙasa mai tsananin sanyi. Ta ce harshensu ma yana da haruffan da duniya ta daɗe tana yi wa kallon baƙi. Ta nuna masa hanyar gyara, sannan ta ce ba ta san wanda ya taɓa gwada ta da Hausa a cikinsu ba, idan ya gwada ya dawo ya gaya musu. Daga ranar ya raɗa mata suna Goggon Ƙanƙara. Albasar Baba Ƙasimu ta rayu, shi kuwa Malam bai sake fitowa daga gayyar ba.

Daga gyaran jerin haruffa sai ya shiga fassara saƙonnin manhajar zuwa Hausa, waɗanda takan nuna wa mai aiki idan wani abu ya faskara. A nan na shigo. Bayan la'asar mukan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, shi da kwamfutarsa a cinya, ni ina tsince shinkafa. Ya karanto, in ƙi. Wata rana ya karanto fassararsa, "Ba ka da izini." Na ce, "Haba Malam, ko mai gadi ba ya korar mutum haka." Ya yi dariya har ya sauke tabarau, ya rubuta, "Yi haƙuri, ba a ba ka izinin shiga nan ba." Akwai kalmar da muka yi mako muna ja a kanta, muka tafi da gardamar har Maradun wajen dangin mahaifiyarsa. Da yamma muka tsaya a gefen madatsar ruwa, rana tana narkewa a kan ruwan, masunta suna dawowa a hankali kamar masu tafiya a mafarki. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wata rana yarinya a Damri, garinmu, za ta zauna gaban na'ura, na'urar ta yi mata magana da harshen kakarta, ba kuma za ta ga abin mamaki a ciki ba. Ina ganin kamar yana hango ta can tsallaken ruwan.

Jama'ar nan sukan fitar da sabon zubin manhajarsu sau ɗaya a shekara, kuma lokacin yakan zo daidai da kaka a nan wajenmu. A shekararsa ta ƙarshe ya ƙudura sai Hausa ta shiga. Yana dab da kammalawa aka yanke layukan waya a jiharmu saboda matsalar tsaro. Gari ya yi tsit. Wanda ke son jin muryar ɗan'uwansa sai ya hau mota ya nufi wajen Sakkwato. Na roƙe shi ya bari sai baɗi, hanya ba ta da kyau. Ya ce, "Hadiza, in an rufe ƙofa bana, wa ya san mai ganin baɗi?" Ya sa kwamfutar a jakar buhu don kada ta ja ido, ya tafi. Da ya dawo ya ba ni labarin wata bishiya a bakin titi inda waya ke kamawa. Mutane sun yi cincirindo a ƙarƙashinta, wannan tana kuka, wancan yana tambayar kuɗin taki, shi kuma yana tsugune yana aika Hausa zuwa ƙasashen da bai taɓa takawa ba. Ruwan ƙarshen damina ya yi masa duka a hanya, amma fuskarsa kamar ta ango.

Zazzaɓi ya kwantar da shi bayan haka. Muka ɗauka na kwana biyu ne. Ba na kwana biyu ba ne. Ya rasu bai san ko aikinsa ya shiga ba.

Ina cikin takaba aka maido da layi. Wayarsa da ke ajiye a kan akwati ta hau ƙara ba ƙaƙƙautawa, kamar tsuntsun da aka buɗe wa keji. Saƙon Goggon Ƙanƙara ne a sama: aikin ya shiga, kowa yana murna, ina ya shige? Na yi kwanaki kafin na iya haɗa Turancin da zan amsa mata. Daga nan ta'aziyya ta riƙa zuwa daga mutanen da ban iya faɗin sunayensu ba. A ranar na gane cewa Malam yana da wasu dangi da ban taɓa dafa wa abinci ba.

Har yau ina bin labaransu, kuma sau da yawa nakan tambayi kaina me zai ce da yana nan. A 'yan shekarun nan wasu kamfanoni da suka tashi da gumin gayya sun sauya sharuɗɗan manhajarsu, suka ja ƙofa. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Sai jama'a suka kwashi abin da yake a buɗe tun farko, suka koma gefe suka ci gaba da gini da sabon suna. Daga baya na ji akwai wanda ya sassauta, ya sake buɗewa. Na san da Malam yana nan, ba zai yi zagi ba. Zai kaɗa kai ya ce su ma masu kamfanin suna da bakunan ciyarwa, sannan ya bi waɗanda suka bar ƙofa a buɗe.

Ga kuma wannan fasaha ta ƙirƙirarriyar basira da ta shigo ko'ina. An ce yanzu mutum yana iya yi wa rumbu tambaya kamar yana hira, kuma na'ura tana fassara cikin ƙiftawar ido abin da ya ci mana damina biyu. Na gwada. Hausarta ba laifi, amma ta wanda ya koya ne a littafi, bai taɓa zama a zauren kowa ba. Ina jin Malam zai yi ɗoki kamar yaro ranar Sallah, ya yini yana yi mata tambayoyi, sannan ya miƙo mini ya ce in duba ladabinta.

Abin da bai taɓa gaya mini ba shi ne fassara ma tana son noma. Duk shekara ana ƙara sababbin saƙonni, kuma harshen da ya ja baya da yawa sukan ajiye shi gefe. Shekara biyu bayan rasuwarsa Goggo ta rubuto cikin tausasawa cewa Hausa tana dab da fita. Na zauna a gindin darbejiya na rasa abin yi, don ni kalmomi na sani, ban san yadda ake shigar da su ba. Ana haka sai wani bawan Allah daga Maraɗi ta Nijar, Malam Isuhu, ya yi sallama a dandalin masu gayyar na intanet. Ya ce ya daɗe yana amfani da aikin, bai san mai shi ya rasu ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yanzu shi yake turo mini saƙonnin ta waya, ni in zaɓi kalma, shi ya shigar. Ban taɓa ganinsa ba, kuma muna gardama ƙwarai.

Bana ya nuna mini wani abu. Ashe manhajar tana riƙe da sunan wanda ya taɓa kowane layi daga ƙarshe. A da, duk inda ka duba Bashiru ne. Yanzu muna gyarawa, sunansa yana raguwa layi bayan layi, kamar sawu a bakin gulbi. Malam Isuhu ya ce, "Malama, akwai wani wuri da marigayi ya yi kuskure. In kina so mu bar shi, don sunansa ya zauna."

Na duba layin, kuskure ne kuwa, kuma na tuna yammacin da aka rubuta shi. Mutumin da ya hau hanya mai haɗari don kalma ta isa inda za ta yi amfani ba zai gode mini ba idan na tsare masa kuskure saboda suna. Na aika da kalmar da ta dace. Sunansa ya sauka daga layin, nawa ya hau, na yi kuka kamar ranar da aka fita da shi.

Watakila wata rana babu layi ko ɗaya da zai rage da sunansa. Na daina jin tsoron wannan rana. Idan ta zo, ma'anarta ita ce mutane da yawa sun bi ta wurin, sun tarar da ƙofa a buɗe, sun shiga sun yi aiki. Allah Ya haskaka makwancinka, Malam, Ya sa aikin nan ya riƙa iske ka a can, ko da mu nan mun daina ganin sunanka a kansa.